Jaririn Murja, Sau Biyu

Aikina a kamfanin Alhaji Ndaman shi ne ɓata wa mutane rai, kuma na iya shi. Wani ɗaki muke haya a saman bene a hanyar Bosso, muna haɗa wa wani asibiti mai zaman kansa manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Meshach ne ke gina rumbun bayanan. Ni kuma nakan rubuta ƙananan gwaje-gwaje masu gudu da kansu, su shiga rumbun su yi ta tsokanarsa. Su zuba masa majiyyacin ƙarya, su canza masa magani, su goge wani abu, sannan su dawo su tambaye shi abin da ya riƙe. In ya amsa daidai, layi ya fito kore a allona. In ya yi ƙarya, ya fito ja. A shekarar 2011 ba kowa ya san wannan ma aiki ne a Minna ba. Mahaifiyata, da muke kira Nna, in an tambaye ta sai ta ce, "Salamatu? Tana can tana duba ko kwamfuta ta lalace."

Sabar, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a ciki, wata tsohuwar na'ura ce a ƙarƙashin teburin Meshach. Fanka ɗaya gare mu a ofishin, kuma ita ake juya wa, mu mu yi ta gumi. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don na fi son ta da yawancin mutanen da na yi aiki da su.

Alhaji Ndaman aminin Babana ne tun suna yara a Bida. Shi ya ɗauke ni aiki da na dawo daga bautar ƙasa, kuma bai taɓa barin in manta ba. A ofis ina ce masa Alhaji, a gidanmu na Tudun Wada kuwa har ƙasa nake durƙusa masa. Mutum ne mai kyauta da son a yaba masa. Kwamfuta dai bai santa ba, amma ya san kore yana nufin lafiya, shi ya sa kullum da safe yakan tsaya a bayana ya kalli layukan suna gangarowa yana murmushi kamar shi ya shuka su.

Akwai wani abu da Meshach ya rubuta wanda ya fi alfahari da shi fiye da komai. Nas-nas na asibitin sun saba buɗe wa mutum ɗaya kati biyu, yau wannan ta buɗe, gobe waccan ta sake. Sai ya haɗa wani ɗan aiki da ke tashi da kansa kullum da azahar, ya bi rumbun yana neman kati biyu masu suna iri ɗaya ko kusa da haka, ranar haihuwa ɗaya, adireshi ɗaya. In ya samu, ya juye na biyun a cikin na farkon, ya share na biyun. Tsintsiya ya sa masa suna. Ni da kaina na rubuta mata gwaje-gwaje da dama, duk ta ci.

Wata Lahadi ina zaune a tsakar gida ina matsa wa Yaya Murja ƙafa. Cikinta ya tsufa, hoton asibiti ya nuna biyu ne, mijinta Sheshi kuma yana aiki a Zungeru, don haka ta dawo gida ta haihu a gaban Nna. A wannan asibitin da muke yi wa aiki take awo, can kuma za ta haihu. Na tsokane ta na ce wane suna aka tanada.

Nna ta ɗago daga tsintar shinkafa ta harare ni. "Ke da bokonki. Wa ya taɓa raɗa suna kafin ranar suna? Bari su zo tukuna."

"To Nna, kafin kwana bakwan, me ake rubutawa a katinsu?"

Yaya Murja ce ta amsa. "Lokacin da na haifi na farkona, jaririn Murja suka rubuta. Haka suke yi wa kowa."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta. Jaririn Murja da jaririn Murja, rana ɗaya, gida ɗaya. Na kasa cin abincin rana.

Litinin ko jaka ban ajiye ba na zauna na rubuta gwajin. Ba shi da tsawo. Ya zuba jarirai biyu a rumbun, kowanne jaririn Murja. Ya rubuta an yi wa na farko allura, na biyu ba a yi masa ba. Ya tayar da Tsintsiya, sannan ya tambayi rumbun jarirai nawa Murja ta haifa. Na sa masa suna "tagwaye kafin suna", na danna.

Ja. Rumbun ya ce ɗaya ta haifa, kuma an yi masa allura.

Na kira Meshach. Ya jawo kujera ya karanta, ya sake karantawa, ya dafe kai. Mutumin kudancin Kaduna ne, mai sanyin hali, Hausarsa kuma ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai, Salamatu, wannan wahala ne," ya ce. "Ni yarona Testimony tun yana ciki muka ba shi suna. Ranar da madam ya haihu, sunan na gaya wa nas. Wallahi kaina bai je nan ba."

Ban ga laifinsa ba. Ni da na tashi ina cin shinkafar suna tun ban san kaina ba, nawa kan ma sai jiya ya je. Na tambaye shi gyaran. Ya ce dole kowane jariri ya samu lambarsa tun daga ɗakin haihuwa, Tsintsiya ta daina kallon suna, kuma hakan zai taɓa gindin rumbun gaba ɗaya. Aƙalla mako biyu. Mu kuwa ranar Alhamis za mu miƙa aikin.

Alhaji ya shigo ya tsaya a bayana kamar kullum. Murmushin ya ɗauke.

"Mene ne wannan jan?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara yana kaɗa makullin mota.

"Tagwaye nawa ake haifa a asibitin nan a shekara? Kuma ai kowa ya san Hassan da Husaini ne."

"A baki ne, Alhaji. A kati jaririn wance suke rubutawa."

"To su rubuta na ɗaya da na biyu mana."

"Tsintsiya za ta ɗauka kuskuren hannu ne, ta haɗe su. Don haka aka yi ta."

Ya ja tsaki. Ya ce akwai wasu 'yan Abuja da ke zagaya asibitin kamar ungulu, in muka ɗaga rana ɗaya sun shige. Ya ce a miƙa aikin, a gyara a wani zubin. Sannan ya tambayi Meshach ko akwai yadda ake kashe gwaji. Akwai mana. Kalma ɗaya ake rubutawa a samansa, sai ya kwanta barci, sauran su wuce ta kansa kamar babu shi.

"Sa masa," Alhaji ya ce mini.

"Ba zan sa ba."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ce masa a'a ba, ko a kan shayi.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan sa ba, Alhaji. Gwajin bai yi ƙarya ba. Yaya Murja can za ta haihu, kuma biyu ne. In wannan abu ya shiga asibitin haka, ɗaya zai ɓace, a yi wa ɗaya allura sau biyu ko a hana ɗaya. In ma ba nata ba, na wata."

Ya juya ya fice. Ya sauka, ya shiga mota, ya nufi shagon Babana a kasuwa. Na san can za shi tun kafin ya tayar da motar, don haka manyanmu suke yi, ba sa faɗa da yaro, sai su kai ƙara inda za a tanƙwara shi.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce Ndaman ya riƙe shi a lokacin da 'yan uwansa na jini suka juya masa baya. Ya ce yarinya ba ta musu da sa'an ubanta a gaban ma'aikata. Ya ce rai da lafiya na Allah ne, ba na kwamfuta ba.

"Haka ne, Baba," na ce. "Amma allurar nas ce ke yi, kuma kwamfutar za ta duba."

"Gobe ki je ki ba shi haƙuri."

"Zan gaishe shi kamar kullum. Haƙuri kuwa ban san na me ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son Babana, kuma na san kunyar amininsa yake ji. Amma ta tagar zauren ina hango Yaya Murja tana tafiya da ƙyar, hannu a ƙugu, sai na ji zuciyata ta ƙara bushewa.

Laraba da na gudu gwaje-gwajen, komai ya fito kore shar. Na duba, na ga an kwantar da nawa. Meshach ya ƙi haɗa ido da ni.

"Abeg, kada ka yi fushi," ya ce a hankali. "Oga ne ya tsaya a kaina. Ina da iyali."

Ban yi fushi da shi ba. Na goge kalmar, gwajin ya farka, jan ya dawo wurinsa. Sannan na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji, don ba na son a ce na yi masa yankan baya.

"Alhaji, na tayar da shi. Gobe in ka sa ni a gaban mutanen nan, duka zan gudu, har da shi. In ba ka so, ka bar ni a ofis."

Ya yi dariya, irin ta wanda ya ga yaro ya ɗauki sanda. Ba zai iya barina ba, ni ma na sani. Tun farkon cinikin da gwaje-gwajen nan ya yi ta cika baki, yana cewa 'yan Abuja surutu za su kawo, shi kuwa zai kawo shaida a allo, kuma mai asibitin ta ce sai ta gani da idonta. Meshach in ya tsaya gaban mutane bakinsa rawa yake yi.

"Na san gidan da kika fito," Alhaji ya ce. "Ba za ki kunyata ni ba."

Alhamis da hantsi muka ɗora sabar a bayan motarsa, na riƙe ta kamar mai jego har asibitin. An shirya mana wani ɗaki, an kafa majigi. Dakta Zainab, mai asibitin, ta zauna a gaba, kusa da ita Sista Sara, shugabar nas-nas, wata doguwa mai tabarau da ba a cika ganin haƙoranta ba. Alhaji ya sha shadda fara ƙal, ya yi jawabi mai daɗi. Meshach ya nuna yadda ake buɗe kati. Sannan aka ce Salamatu ta zo.

Na tsaya a gaban kwamfutar. Kalmar kwantar da gwajin nan ɗaya ce, kafin a ƙifta ido zan iya rubuta ta, kuma babu wanda zai gane a ɗakin. Na dubi Alhaji, ya gyaɗa mini kai yana murmushi. Na danna yadda yake.

Koren ya yi ta gangarowa a bango, Alhaji yana ta duban fuskar Dakta. Can kusa da ƙarshe jan ya fito, ya tsaya ɓaro-ɓaro a tsakiyar farin bango.

Sista Sara ta gyara tabarau ta karanta a fili. "Tagwaye kafin suna. Mene ne wannan?"

Alhaji ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Nufanci don kada su ji. Ya ce in ce ƙaramin abu ne, an riga an gyara. Ya haɗa ni da girman Babana.

Na amsa da Hausa, da muryar da ta isa bayan ɗakin.

"Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a gyara ba. Sista, in mace ta haifi biyu yau, me kuke rubutawa a katinsu?"

"Jaririn wance," ta ce. "Har sai iyayen sun kawo suna."

"To da azahar wannan rumbun zai haɗe su su zama ɗaya. Abin da aka yi wa wannan zai hau kan wancan, na biyun kuma babu shi. Ana iya gyarawa, Meshach ya san yadda zai yi, amma sai an ba shi lokaci."

Dakta Zainab ba ta yi hayaniya ba. Ta tambayi Meshach ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne, kansa a ƙasa. Ta juya wurin Alhaji ta ce aikin ya yi mata, ba za ta ba wani ba, amma ba za a kunna shi a asibitinta ba sai ta ga wannan layin ya koma kore, kuma ita za ta danna da hannunta.

A wurin ajiye motoci Alhaji ya sallame ni. Bai yi zagi ba, ya ce dai kada in sake taka masa bene, kuma ya yi nadamar sanin da ya yi mini. Na ce Allah ya huci zuciyarsa. Suka ɗora sabar suka tafi, ni na tari ɗan acaɓa. A hanya na yi kuka, iska tana busar da shi, don ina son aikin nan kamar raina kuma na san babu irinsa a garin. Kafin mu shiga Tudun Wada na share fuskata tas.

Baba ya daina amsa gaisuwata sai da kai. Nna ta ce na cika taurin kai, amma ta riƙa ƙara mini nama a miya. Meshach yakan kira ni a ɓoye in ya maƙale, in gaya masa abin da zai gwada. Rannan ya kira yana dariya ya ce Dakta ta danna da kanta, ya fito kore, an kunna.

Yaya Murja ta haihu wata Talata da sassafe, mata biyu. Ta farkon ta fito da ƙarfinta tana tsala ihu. Ta biyun 'yar mitsitsiya ce, kafin wani lokaci idonta ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka kwantar da ita a ƙarƙashin fitila, aka rubuta mata nata maganin daban. Ana kiran azahar na bar Nna a ɗaki na je na tsaya a teburin nas-nas. Ba ni da hurumin tsayawa a nan, amma Sista Sara ta gane ni. Ta juyo mini da allon.

Muka jira Tsintsiya ta gama zagayenta. Jaririn Murja, lafiya lau, tana wurin uwarta. Jaririn Murja, shawara, tana ƙarƙashin fitila. Suna nan su biyu. Na daɗe ina kallo, har Sista ta ce in matsa mata tana da aiki.

Ranar suna gidan ya cika. Sheshi ya zo daga Zungeru da 'yan uwansa, aka kawo kifi daga dam ɗin Tagwai kwando guda, aka yanka raguna. Da safe aka raɗa musu Hassana da Husaina, kamar yadda kowa ya sani tun farko. Alhaji Ndaman ya zo, don zumuncinsa da Baba ya fi ƙarfin rigimata. Bayan an shafa fatiha ya shigo cikin gida ya yi wa Nna barka, aka shimfiɗa masa darduma a inuwa. Baba ya kira ni gefe, karo na farko da ya yi mini doguwar magana tun ranar.

"Ndaman ya ce in kin durƙusa kin ba shi haƙuri a gabana, ki koma aiki Litinin. Na roƙe ki, ki rufa mini asiri."

Na ce to, bari in zo. Na shiga ɗaki na ɗauko Husaina daga gefen uwarta. Rawayar ta washe, amma har yanzu ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na fito na durƙusa a gaban Alhaji har ƙasa, yadda aka koya mini, na gaishe shi. Ya amsa yana kallon sama, yana jiran sauran.

Na miƙa masa ita. Babba ba ya ƙin karɓar jariri a gaban mutane, dole ya buɗe hannu.

"Alhaji, wannan ce ta biyun," na ce. "Ita ce ka ce a bari sai wani zubin. Ban zo ba da haƙuri ba, na kawo ta ne ka gan ta."

Baba ya runtse ido. Matan da ke kusa suka juyo, ludayi a hannu. Alhaji ya sunkuyar da kai ya dubi yarinyar, ya daɗe yana dubanta, leɓensa yana motsi, ban sani ba ko addu'a yake yi ko maganar da zai mayar mini yake nema. Na san aikin ya tafi ke nan, kuma abin ya yi mini zafi, amma ko za a sake sau goma haka zan yi.

Sai na ga wani ɗan duhu yana yaɗuwa a kan farar shaddarsa, daga cinya yana gangarowa gwiwa. Husaina ce ta saki fitsari. Alhaji ya ɗago da sauri yana miƙo mini ita, Nna tana cewa, "Karɓe ta mana, Salamatu!"

Ban yi sauri ba. Na bari sai da ta gama.